Yadda Na Sayar da Sunan Goggo a Waya

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen unguwarmu a Daura sun riga sun san labarin, wanda bai san ni ba kuma sunan ba zai ƙare shi da komai ba. Abin da nake so 'yan'uwana ɗalibai su sani shi ne, ni mai wannan rubutu na yi damfara, an kama ni, an tsare ni, duk ban ko gama sakandare ba.

Kafin haka, ni yarinya ce da ba a jin muryarta. A aji layin baya nake zama, jikin taga. Ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Idan aka aike ni wani gida, sai in daɗe tsaye a zaure ina gwada sallamar a zuciyata kafin ta fito. Baki ne ba ni da shi, amma ina da ido. Nakan gane wadda ta aro takalmin yayarta, da wadda ta yi kuka kafin ta zo makaranta, da yadda kowa ke jan maganarsa. Matan unguwa da ni suke yi wa 'ya'yansu misali. Sukan ce ko yatsa aka sa min a baki ba zan ciza ba. Ni ma a lokacin na yarda da su.

Babana manomi ne, da rani kuma yana kai hatsi kasuwar Mai'aduwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa shi da yayarsa, Goggo Hansai, ba sa kiran sunana, sai dai su ce Uwata. Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Goggo da namu. Mijinta ya rasu tun ina ƙarama, da sana'arta take riƙe kanta. Sana'ar ita ce gara: alkaki, nakiya, dublan, cincin, duk abin da dangin amarya ke kai wa gidan miji don a san 'yarsu tana da gata. Goggo ba ta da allon talla a ƙofar gida. Uwa ce ke gaya wa uwa. Mai biki za ta zo da ƙafarta, a gaisa, a yi ciniki, ta ba da kafin alƙalami, ta bar bokitanta. Ranar da aka sa, ta dawo ta tarar da su cike. Ban taɓa ganin ranar ta saɓa ba.

In an tashi daga makaranta can nake ƙarasa wunina, don nan ne kawai ba a matsa min in yi magana. In zauna ina murza alkaki, ina kallon yadda take ɗiga ruwan sukari tsakanin yatsu biyu ta ja. In ya yi zare, ta sauke tukunya.

Ina aji ɗaya a babbar sakandare aiki ya fara ja baya. Wata rana wata mata da Goggo ta yi wa garar manyan 'ya'yanta ta shigo tana ta kame-kame, a ƙarshe ta ce a ba ta bokitanta. Wai amaryar ta ga wata mai gara a waya, tana jera dublan kamar fure a cikin kwali, ta rantse sai ita.

Goggo ta ce, "Ta ɗanɗana?"

Matar ta ce, "Ina fa, Hansai. Hoto ta gani. Yaran yanzu sai haƙuri."

Goggo ta miƙa mata bokitan da kuɗinta, ta ce Allah ya sanya alheri. Da matar ta fita, ta daɗe tana goge faranti ɗaya wanda ba shi da datti.

Abin ya tsaya min a rai. Yayana ya bar min tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi lokacin da ya tafi neman kuɗi Kano. Da ita na buɗe wa Goggo shafi a dandalin sada zumunta, na sa masa suna Garar Goggo Hansai, Daura. Na shimfiɗa farin mayafin Umma a tsakar gida da safe, na jera kaya a kai na ɗauki hotuna. Niyyata a ranar mai kyau ce. Wannan ko a gaban alƙali na faɗa.

Sati ya zagayo, wata ya zagayo, ba wanda ya leƙo. Sai na koma ga abin da na iya, wato kallo. Nakan rubuta "alkakin Daura" ko "garar amare" a wurin bincike in ga su wa ke fitowa a sama. Na lura ba wadda ta fi iya alkaki ce ke fitowa ba, don waya ba ta da harshen ɗanɗano. Wadda aka fi surutu a kanta ce. Wadda aka fi danna wa alamar so, aka fi rubuta mata sharhi, aka fi tura hotonta ga ƙawaye, ita ake turo wa kowa a gaba. Mu kuwa muna can ƙasa, inda yatsa ke gajiya kafin ya kai. Na kuma lura mai saye ba ta tsayawa karanta bayanin kaya, sharhin wasu take bi. Ashe abin nan na uwa ta gaya wa uwa ne ya koma cikin waya, sai dai a nan ba wanda ya san fuskar uwar da ke magana.

Akwai wata 'yar ajinmu, Luba, mai surutu kamar rediyo, ita kaɗai ke iya jana da hira. Na gaya mata abin da na gano. Ta buga cinya ta ce, "Ke shiru-shiru, ashe kanki na ja! To mu zama uwayen mana."

A Islamiyya muka riƙa aron wayoyin 'yan mata, wai za mu duba wani abu, ni kuma in rubuta yabo da sunansu. Daga baya muka buɗe shafuka da sunayen matan da ba a taɓa haifa ba. Luba ke ƙirƙiro suna, ni ke rubuta magana, tunda na san yadda kowa ke yin tasa. Amarya sai ta ce, "Wayyo Goggo, dangin miji har yau santi suke." Hajiyar birni sai ta gajarta: "Aiki mai tsabta. Allah ya ƙara kasuwa." Har nakan sa wadda za ta ɗan yi ƙorafin cewa man nakiyar ya so ya yi yawa amma ta yi daɗi, don na lura yabo zalla yana sa mutane zargi.

Na gaya wa kaina ai ba ƙarya ba ce, tunda da gaske alkakin Goggo yana da daɗi. Ku riƙe wannan wurin da kyau. Duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

Dabarar ta ci. Shafin ya fara hawa, matan gaske suka fara rubutowa, nasu sharhin ya ƙara tura shi sama. Aka wayi gari in ka rubuta gara da Daura, sunan Goggo ne farkon fitowa. Aiki ya zo daga Katsina, daga Kano, har Kaduna, ana kai kayan tasha a sa a mota. Goggo ba ta yi boko ba, ni ke karanta mata saƙo, ni ke amsawa. Takan juya wayar a hannunta ta ce, "Uwata, wai duk mutanen nan a cikin 'yar abar nan suke?" Da Sallah ta ɗinka min atamfa.

Masu sana'a a unguwa suka ji labari. Mai turaren wuta, mai kayan yara, mai yajin jego, kowa ta aiko in tayar mata da shafi, ta sa min data. Na yabi turaren da ban taɓa shaƙa ba. Akwai wata mai gara a Katsina da ke gogayya da mu a saman bincike. Ban san ta ba, ban taɓa ganinta ba. Na sa matan ƙaryata suka rubuta cewa an tsinci gashi a nakiyarta. Ta sauka ƙasa kuwa.

Bayan kaka, da aka kwashe amfanin gona bukukuwa suka kankama, saƙonni suka fi ƙarfin Goggo. Ta ce in riƙa ba mutane haƙuri.

Na ce, "Goggo, in muna mai da mutane, shafin zai faɗo."

Ta ce, "Ya faɗo mana. Hannu biyu Allah ya ba ni. Ba na karɓar bokitin da ban san ranar cika shi ba."

Ni kuma ga mata ina gani suna roƙo, a taimaka a ba su lambar asusu, yanzu za su turo kafin alƙalami. A daidai lokacin tsohuwar wayar ta fara mutuwa da kanta. Na ce a raina bari in karɓi na mutum ɗaya, in sayi waya, abin da ya rage in ba wata mai gara a ɓoye ta yi aikin. Ba ni da asusun banki. Luba ta kai ni wurin ɗan'uwanta Sabi'u, mai POS a bakin tasha. Ban iya kallon idonsa ba, Luba ce ta yi bayani. Ya yi dariya ya ce, "Ustaziya, ke ma kin shigo gari ke nan? Ba komai, a turo nan. Ki dai san da kasona."

Kuɗin ya shigo. Na sayi waya, na bar ta a wurin Luba, a gida ina riƙe da tsohuwar. Abin da ya rage bai isa ko alkama ba. Da ranar matar ta matso, sai na karɓi na wata don in cike na farko. Da na ga ramin ba ya cika, sai na daina ƙoƙarin cike shi. Wadda aka bari a ƙarshe ta yi ta kira, ta yi magiya, ta yi Allah ya isa. Na danna wuri ɗaya na toshe ta, na goge sharhinta. Na kwana biyu ina jiran a buga mana ƙofa. Ba wanda ya buga. Na ci gaba da zuwa makaranta ina zama jikin tagata kamar kullum.

Daga nan abin ya zama sana'a. Na kafa wa kaina doka, ba na taɓa na kusa. Kafin in karɓi kuɗin mutum sai na shiga shafinsa na bi hotunansa ɗaya bayan ɗaya. In na ga alamar Abuja ko Legas ko Fatakwal, na san ba wanda zai yi wannan doguwar tafiya saboda bokitin alkaki, to wannan nawa ne. Na kusa kuwa sai in kai wa Goggo aikinsu, ta yi musu tsakani da Allah, su rubuto yabo na gaskiya, yabon ya binne wurin da na goge ƙorafi. Da gumin Goggo nake wanke ƙaryata. Har na biya wata yarinya mai tarin mabiya ta ci dublan a bidiyo, tana lumshe ido tana kiran sunan shafin. Sabi'u yana cire nasa, Luba tana cin nata. Nawa kuwa yana tafiya a data da man shafawa da takalman da ba ni da halin sawa, don Umma za ta tambayi inda na samo su. Suna can a leda a ɗakin su Luba, sai dai in je in gwada in cire.

Kuskurena ya zo ta hannun wani saurayi. Ya rubuto yana son garar ƙanwarsa, cikakkiya. Na duba shafinsa, na ga gadoji da dogayen gine-gine, ga shi tsaye da kakin masu gadi a ƙofar wani kamfani a Abuja. Na ce wannan na nesa ne. Ya turo kuɗin gaba ɗaya. Na sa masa rana, da niyyar in ta zo in toshe shi kamar sauran. Bai tambayi yadda za a aika ba, bai tambayi kwatance ba, ni kuma na ɗauka sakarci ne. Abin da ban yi tunani ba shi ne, waya tana Abuja amma biki a gida ake yi. Gidansu wani ƙauye ne a bayan Zango. Kuma a Daura ba a neman kwatance. Ka sauka a tasha ka ce gidan Hansai mai gara, kowane mai keke zai kai ka har ƙofa.

Ranar ta faɗo Asabar, ba makaranta. Ina tsakar gidan Goggo ina tankaɗe sai muka ji sallama da dariya. Mata biyu suka shigo ɗauke da sababbin bokitai an cusa su cikin juna. An rubuta sunan amarya, Sailuba, da jan farce a kan kowane murfi. Babbar ita ce uwar amarya, Iya Barira, siririya, hijabinta sabo har karin ninkinsa bai baje ba. Ɗayar ƙanwarta ce, ita ce mai bakin.

Tun daga zaure take cewa, "Ina Hansai mai hannun zuma? Mun zo kwasar arziki. Ki danna mana har murfi ya ƙi rufuwa, dangin angon nan 'yan sa ido ne, har cincin ƙirgawa suke!"

Goggo ta yi musu shimfiɗa, ta kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Sannan ta ce, "Bayin Allah, garar wa?"

"Ta Sailuba mana. Wanta na Abuja ya biya tun watan jiya."

"Ya biya wa?"

"Ke mana. Ta waya."

Goggo ta juyo ta kalle ni. "Uwata, akwai aikin da kika manta ba ki gaya min ba?"

Na girgiza kai ban ɗago ba. Na ci gaba da kaɗa rariyar da garin cikinta ya riga ya ƙare.

Suka kira yaron, ya turo hoton hirar a wayar ƙanwar Iya Barira. Duk cikinsu ba mai karatun boko. Goggo ta miƙo min ta ce, "Karanta mana." Na karɓa. Na karanta musu maganata da bakina, layi bayan layi, har wurin da na rubuta, "In sha Allahu ba za ku ji kunya ba." Muryata tana rawa, amma kullum haka take, ba wanda ya ga wani abu.

Iya Barira ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hansai, jibi za a kai. Na riga na gaya wa mutane daga hannunki za ta fito. Yaron nan tsayuwar dare da rana ya yi ya tara. In muka shiga gidan mijin hannu rabbana, da wane ido yarinyar za ta kalli facalolinta? Gorin har 'ya'yanta sai ya bi."

Goggo ta dubi bokitan. Can ta ce, "Allah shaida ban karɓi kuɗinku ba. Amma da sunana aka karɓa. Ku bar bokitan."

Ƙanwar ta taɓe baki ta ce, "Ka ji fa. An ci kuɗi kuma ana mana wa'azi."

Goggo ta sayar da tunkiyarta a ranar, ta sayi alkama da mai da sukari. Muka yi aiki ni da ita da Umma, amma alkaki ba a yi masa gaggawa, sai ya kwana ya tashi. Abin da aka samu bai wuce rabin bokitan ba. Haka aka kai. Ina gefenta duk tsawon aikin nan, na ga yadda mai ya fallatsar mata a hannu ba ta ko tsaya ba, kuma ban buɗe baki ba. Na goge hirar, na ce ƙila wani ne ya shiga shafin. Goggo ta yarda, don ni ce na faɗa.

Wannan alherin nata shi ya zama shaida a kanta. Yaron ya rubuta labarin a shafinsa, ya sa sunanta da hoton ƙofar gidanta, ya ce da ba ta ci ba me zai sa ta biya. Ba ni da ikon goge abin da ke shafin wani. Matan da na toshe suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da hoton hirarta. Kowane sharhi, kowane turawa, yana ƙara ɗaga labarin sama, daidai yadda na koya. Sai dai zagi ya fi yabo gudu. Aka kai in ka fara rubuta Hansai a wurin bincike, kafin ka gama wayar da kanta za ta ƙarasa maka da "mai damfara". Masu biki suka riƙa aiko yara su karɓi bokitansu, ba sa ma zuwa da kansu.

'Yan sanda suka zo tare da mai unguwa. Goggo ta roƙa a bar ta ta sauke tukunya daga wuta, aka bar ta. Ta bi su a ƙafa har bakin titi, unguwa tana kallo, ni ma ina kallo ta kafar ƙyaure. A ofishinsu ta kwana. Da suka bi asusun da aka tura kuɗin, suka iske Sabi'u. Bai ɓata musu lokaci ba, ya ba su sunana. Washegari aka kira ni da Baba.

Da Goggo ta ji abin da ake tuhumata da shi, sai ta miƙe. Ta ce, "Yallaɓai, ku ji tsoron Allah. Wannan yarinyar ko gaisuwa sai an ce ta ɗaga murya. In dai sai an rufe wani, ku bar ni a nan."

Ɗan sandan bai yi musu da ita ba. Ya ciro sabuwar wayar da suka karɓo a ɗakin su Luba, ya ajiye a tebur, ya ce in ɗora yatsana. Na ɗora. Ta buɗe. Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Goggo ta koma ta zauna a hankali, ta ce a taimaka mata da ruwa.

A kotu ban musa komai ba. Sabi'u aka kai shi gidan yari. Luba, da yake ba ita ta karɓi kuɗin mutane ba, aka ja mata kunne, iyayenta suka tura ta wurin dangi a Dutsi. Ni, saboda ƙarancin shekaruna, aka tura ni gidan tsare yara a Katsina. Baba ya sayar da shanun huɗarsa aka biya waɗanda suka kawo ƙara. Daminar nan da hannu ya yi noma.

A can ba wanda ya damu da kunyata. Ranar farko matar da ke kula da mu ta ce, "Me ya kawo ki?" Na ce, "Waya." Ta ce, "Waya ba ta sata. Sake faɗa." Sai da na faɗa da baki, da ƙarfi, a gaban kowa. Wata yarinya da aka kawo kan satar zannuwa a kasuwa ta yi dariya ta ce, "Mu da muka ɗauka da hannu biyu an ce mana ɓarayi. Ke da kika ɗauka da yatsa ɗaya, me za a ce miki, Hajiya?" Sunan ya bi ni har na fito. Muna shara, muna wanki, muna koyon saƙa, wani malami yana zuwa yi mana karatu. Na daɗe babban yatsana yana motsi shi kaɗai a kan tabarma kamar yana jan shafi. A can na fara tunanin matan da na toshe. Da, sunaye ne kawai da ke ɓacewa in na danna. Tun da na ga Iya Barira na gane kowacce tana da tsakar gida, da bokitai, da ranar da ta gaya wa mutane. Na roƙi Allah gafara, kuma ina kan roƙo.

Da aka sake ni, shekarar karatu ta riga ta wuce ni. Yanzu ina maimaita aji a wata makarantar. Abu na farko da na yi shi ne na ari wayar Yaya, na rubuta a shafin cewa ni ce na yi komai, Goggo ba ta san komai ba. Mutane kaɗan suka karanta. Ba wanda ya tura wa wani, don ba abin daɗin baki a ciki. Har yau in ka bincika sunanta, zagin ne a sama, gaskiyar tana can ƙasa inda yatsa ba ya kaiwa. Mai garar Katsina da na yi wa ƙazafi na neme ta, shafinta ya rufe, ban san inda zan same ta ba.

Baba ya ɗauke ni a babur muka je ƙauyen su Iya Barira. Na durƙusa a gabanta. Ta ce, "Nawa na yafe, 'yar nan. Na Sailuba sai ki tambaye ta. Har yanzu in an yi faɗa a gidan, mai rabin bokiti suke ce mata." Ban sami ƙarfin zuwa wurin Sailuba ba a ranar. Yana nan a kaina.

Goggo kuwa, da na durƙusa mata ina kuka, cewa ta yi, "Tashi, Uwata. Na yafe tun kina can. Amma yafiya ba ta kawo bokiti."

'Yan'uwana, musamman ku da ake ba amanar waya don iyayenku ba sa karatu, ga abin da zan ce muku. In an ce ku tallata sana'ar gida, ku tallata, ba laifi ba ne. Ku ɗauki hoton abin da kuke da shi, ku roƙi wanda ya saya da gaske ya faɗi abin da ya gani, ku yi haƙuri da hawan a hankali. Amma kada ku rubuta yabo da bakin wanda bai ce ba, ko da abin da kuke yabon ya cancanta, don hannun da ya saba rubuta ƙarya ba ya tsayawa a nan. Kada ku karɓi kuɗin aikin da mai aikin ba ta amsa ba. Kada ku ɗauka na nesa ba mutum ba ne. In kuma ku ne masu saye, ku sani wanda ya fito a sama ba lallai ne ya fi kowa gaskiya ba, wataƙila wata irina ce ke zaune a lungu tana magana da baki goma. Kuma kada wadda ake yabo da kunya ta ɗauka ta tsira. Kunyar idon mutane daban, tsoron Allah daban. Ni ta farkon ce kawai nake da ita, ita ce ma ta rufe ni na daɗe ina ɓarna.

Goggo ta fi shekaruna tana gina sunanta. Yanzu da yamma takan zauna a ƙofar gida da farantin cincin ƙulli-ƙulli, tana sayar wa yara. Ta gabanta nake wucewa kullum da jakar makaranta. Kullum sai ta amsa gaisuwata, har ta tambaye ni ya karatu. Da zagina take yi, da ya fi min sauƙi. Wannan shi ne hukuncin da ba a sa masa ranar fita ba. Kada ku nemi irinsa.